Yadda Biyayyar Kawu Ta Faɗo Hannuna

Gara in faɗa tun farko cewa shekaru sun yi nisa, kuma ban rubuta komai ba a lokacin da abin ya faru. Wasu maganganun da zan sa a bakin mutane ƙila ba haka suka fito ba daidai, ko da yake ina jin ma'anarsu ba ta kauce ba. Abin da nake da tabbas a kansa, gwargwadon yadda mutum ke iya tabbata, shi ne a Filinge aka yi shi, shekaru kaɗan kafin Faransawa su tafi, a shekarata ta farko ta koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, bayan na gama karatu a Yamai.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya dawo daga Kumasi a ƙarshen kakar shekarar. Kamar yawancin mazan ƙasarmu ta Kurfai na lokacinsa, ya tafi cin rani ne, sai dai nasa ranin ya kai shekara goma sha ɗaya. Ya yi dako har gwiwarsa ta hagu ta lalace, daga nan wani Bature ɗan Ingila ya ɗauke shi tsaron ƙofar wani sito na katako. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya rubuta masa takardar shaida. Da ita Kawu ya dawo, a naɗe cikin wani dogon gwangwani mai murfi, sai laima da akwati ɗaya. Gonar da ya bari ƙannensa sun daɗe da raba ta, kuma ko da sun mayar masa, gwiwar ba za ta yi noma ba. Ya sauka a gidanmu. Namiji mai furfura yana cin tuwon ƙanwarsa safe da yamma, kowa ya san abin da ake faɗa a kansa a bakin rijiya. Ya ce wa Inna in bai samu abin yi ba kafin damina, zai koma kudu ko da rarrafe.

Sai aka ji ofishin likitan dabbobi na neman mai tsaron ƙofar garken da ake killace shanu. Aikin zaune ne, a inuwa, da rana. Kawu ya kawo mini gwangwanin ya ce in juya takardar zuwa Faransanci, tunda ni ne na yi Ingilishi a kolej. Na yi, shekara biyu, amma ban gaya masa cewa malamin namu ma bai taɓa ganin ɗan Ingila ba.

Takardar layi biyar ce. Na gane komai sai kalma ɗaya, wadda Baturen ya ja wa layi a ƙasa: dutiful. Na ari ƙamus a wurin shugaban lakwal, wanda gara ta cinye bangonsa amma ta bar wurin da nake nema. Kwana uku na yi a kanta. Abin da na fahimta shi ne kalmar ta haɗa biyayya da riƙon amana: mutumin da ke yin abin da aka ce, kuma yake yi da zuciya ɗaya, ko ana kallonsa ko ba a kallonsa. Na kuma lura ba irin dogo ko gajere ba ce, da mutum ke zama shi kaɗai. Kullum tana fuskantar wani. Ɗa ne ga ubansa, bara ne ga ubangidansa. Wannan ya dame ni, domin kalmar Faransancin da na zaɓa ba ta nuna hakan sosai ba, kuma ba na so a ce na ɓoye wa hukuma wani abu. Saboda haka na ƙara bayani a ƙasan fassarar da ƙananan haruffa, cewa a iya fahimtata wannan hali yana da wanda ake yi wa shi, kuma a wannan takarda da alama mai sa hannun ne.

Har yau ina ganin bayanin daidai ne. Ko ya kamata in rubuta shi, wannan wata magana ce.

Muka kai wa magatakardan ofishin, wanda muke ce wa komi, wani Bazabarme mai tabarau da ke jin Hausa kamar mu. Ya karanta layi biyar ɗin yana gyaɗa kai, ya zo ƙananan haruffan ya tsaya. Lokacin siyasa ta fara zafi, kuma hukuma na sa ido a kan duk wanda ya dawo daga ƙasar Ingilishi.

Ya ce, "Malam, kai da hannunka ka rubuta. Biyayyag ga tana da mai ita."

Na ce, "To, ai bayani na kawai, ba wai..."

"In takarda gaskiya ta faɗi, tsohon ga na Ingilishi na, ba mu ɗaukar shi. In kuwa ƙarya ta faɗi, mi za mu yi da mai takardar ƙarya? Zaɓi guda."

Kawu ya ce takardarsa ba ta ƙarya, kuma duk wanda ya ce tana ƙarya ya fito waje. Komi ya ce to shi ke nan, an zaɓa. Ya miƙo mana gwangwanin.

Da yamma abokin Kawu na ƙuruciya ya zo gaishe shi. Dillalin shanu ne a kasuwar Filinge, mutum mai murya kamar ana kiran sa daga tsallaken kwari. Ya saurari labarin yana ɓare goro, sai ya yi dariya har ya ƙware.

Ya ce, "Ku 'yan boko kuna da wahal da kai. Wanga ai saniya ta, igiyarta na hannun wani. Mi aka yi ma saniya in za ta sake gida? Mai ita shi ce na sallama, mai saye shi ce na karɓa, igiya ta wuce. An gama."

Kawu ya ce, "Ni as saniyar, ɗan banza?"

"Kai ko maraƙi ba ka kai ba. Dubi ƙafarka."

Na nuna musu cewa mai igiyar yana Ingila, ko wani wuri makamancin haka. Dillali ya ce wannan ma ba sabon abu ba ne. Bafillace na Abala, saniyarsa na Filinge, ba a fasa ciniki, wakili ke tsaya masa. Wakilin Bature kuwa dole ya zama mai jin harshensa, kuma duk Kurfai mutum ɗaya ne ya kwana uku da kalmarsa. Suka juyo suka dube ni.

Na yi ƙoƙarin ƙi. Na ce ba Baturen ne ya naɗa ni ba, kuma ban san ko dokarsu ta yarda da haka ba. Inna daga bayan zana ta ce in bar dogon Turanci in taimaki ɗan'uwanta. Washegari dillali ya je ya ga komi, komi ya ce in dai za a yi sallamar a gaban likita da shaidu, shi ba shi da ta cewa. Matsalar kawai likitan, Bafaranshe ne, ya fita rangadin allura wajen Abala, sai bayan kwana goma sha biyu.

Aka yi rabin farko a zaurenmu bayan la'asar, da shaidu biyu. Dillali ya zo da guntuwar igiyar kaba. Kawu ya rantse ba mai sa masa ita a wuya, sai aka ɗaura ta a gwangwanin takardar. Dillali ya miƙo mini bakin igiyar ya ce in ce na karɓa a madadin Bature. Na riƙe na ce, "Na karɓa, in har ya halatta, kuma ba tare da na ɗauki wani alhaki da ya wuce..."

Ya ce, "Ya isa. Karɓa hannu ka yin ta, hannunka kuwa ya riƙe. Sallama ita ce ta baki. Ranar nan ka wanke bakinka, Malam, don kasuwa ba ta san watakila ba."

Ban gane abin da na karɓa ba sai da gari ya waye. Na fito da buta, na tarar da Kawu a ƙofar ɗakina. Da ya gan ni sai ya durƙusa, da gwiwar nan tasa, ya ce, "Ina kwana, ranka shi daɗe." Mutumin da ya yanka ragon sunana. Na yar da butar na durƙusa ƙasa da shi. Ya ƙara yin ƙasa. Na ƙara. Muna nan kamar kaji biyu a kan ƙwai har Inna ta fito ta ce in mun gama neman abin da ya faɗi mu ba ta hanya.

Na roƙe shi ya bari. Ya ce shi ba wasa ya zo yi ba. Shekara bakwai Bature bai taɓa faɗa masa magana sau biyu ba, shi ya sa ya ja wa kalmar layi, kuma ba zai zubar da ita a kwana goma sha biyu ba don wakili ɗan ƙanwarsa ne. Abin da ke hannun Bature jiya yana hannuna yau. In ba da umarni kawai.

A nan ne wahalar take, domin ni, kamar yadda mai karatu ƙila ya lura, ban iya ba da umarni ba. Ya bi ni lakwal ya tsaya a gindin aduwar da ke bakin ƙofa. Na fito na ce, "Kawu, da ka zauna, ko kuwa ka koma gida in ka ga dama." Ya ce, "Wanne?" Na ce duk wanda ya fi masa. Ya ce shi ba a ba shi zaɓi, Bature bai taɓa ba shi zaɓi ba. Na koma aji ban yanke ba, don ina ganin kowanne na faɗa na raina shi. Da aka tashi na same shi ya jingina da itacen, bai zauna ba bai tafi ba, laimarsa a buɗe.

Wajen cin abinci na ce masa, kamar yadda ake ce wa kowa, "Kawu, ci mana." Ya ci nasa, ya ci nawa, ya jawo kwanon da aka ajiye wa baƙo. Gumi na zuba, yana kallona, ni kuwa ba zan iya buɗe baki in ce wa yayan uwata ya bar cin tuwo ba. Inna ce ta zo ta ɗauke kwanon, ta ce mu biyun Allah shi shirye mu.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne na rana ta biyar, ko ta shida. Muna zaune da wani abokin aikina muna hirar tsadar hatsi, na ce, ni da kaina nake magana, da mutum zai san nawa ake sayar da damin gero a Tondikandiya da ya ji daɗi. Ban lura Kawu na bayana ba. Da azahar aka ce an gan shi ya fita gari ta kudu da laimarsa, yana jan ƙafa. Na ari jaki na bi shi. Na cim masa ya yi nisa, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Na ce ya hau jakin. Wannan, in ban manta ba, shi ne umarni na farko da na ba shi ba tare da na ƙara komai ba, kuma ya hau nan take. Daga ranar na rage magana a gida. In zan yi tari ma sai na duba ko yana kusa.

Cikin kwanakin nan shakkata ta ƙaru. Na yi ta tunanin cewa in na ce na sallama, na sallama abin da ba nawa ba, da sunan mutumin da bai san ina duniya ba. Na rubuta wasiƙa zuwa siton katakon a Kumasi ina neman izini, da Ingilishin da ya ɗauke ni kwana biyu. Ba a amsa ba, kuma da na sake duba kwafin daga baya na ga ƙila sun ɗauka katako nake son saye.

Likita ya dawo. Aka tara mu a bakin garken da hantsi: shi, da komi, da dillali, da shaidu, da Kawu cikin rigarsa ta Kumasi, da ni riƙe da gwangwani da igiya. Likitan ɗan gajere ne ja, rana ta ƙone masa wuya, kuma a fili yake bai gane abin da komi ya bayyana masa ba. Dillali ya kama hannunsa ya buɗe tafin kamar zai duba masa ƙasa, ya ce da ni, "Bismilla, Malam."

Na ce, "To, a madadin wanda nake wakilta, in dai wakilcin ya inganta, ina jin babu laifi a ce na..."

"A'a. Na sallama. Kalma biyu."

"Na sallama, bisa sharaɗin in amsa ta zo daga Kumasi..."

"Wayyo ni! Malam, ko akuya ba a saida ta haka!"

Na sake gwadawa sau biyu. Duk lokacin da na kai bakin kalmar sai wani abu ya biyo ta. Likita ya janye hannunsa ya goge a wando. Ya ce da komi shi ba shi da lokacin wasan kasuwa, in tsohon na son aiki ya buɗe ƙofar nan yanzu a gani. Komi ya faɗa da Hausa. Kawu bai motsa ba. Likita ya faɗa da kansa, da ƙarfi, ya nuna ƙofar. Kawu ya dube shi cikin ladabi, ya juyo ya dube ni. Likita ya matso har hularsa na taɓa laimar, ya yi tsawar da ta sa shanun cikin garken suka watse gefe guda. Kawu ko ƙiftawa bai yi ba. Ni kuwa na tsaya ina auna ko ya dace in ce ya buɗe. Na ga aikin ya tafi, na ga Kawu a hanyar kudu da gwiwar nan, duk saboda ƙananan haruffana.

Sai likita ya ja da baya ya tambayi komi wani abu a hankali. Komi ya amsa, suka yi ta magana. Daga baya komi ya gaya mini abin da ya sa aka kori mai tsaron da ya gabata: kowa ya ɗaga masa murya sai ya buɗe. Dogarin mai gari ya zo ya yi tsawa, ya fitar da shanun ubangidansa kafin kwanakinsu su cika. Gardi, ɗan sandan Faransawa, ya zo, haka. Har wani mahauci mai babbar murya ya taɓa fitar da bijimi. Likita ya ce shekara uku yana neman mutumin da za a yi wa ihu bai buɗe ba. A rubuta sunan Kawu.

Dillali ya ce ciniki bai faɗa ba, igiya na hannun Malam. Likita ya ce bai damu da igiya ba. Ya juya zai tafi, sai ya tuna yana son shiga garken. Ya dubi Kawu, Kawu ya dube ni. Na ce, "Kawu, buɗe mishi." Ya buɗe.

Na ɗauka zan warware abin da yamma da magana ɗaya. Na zaunar da Kawu na ce daga yau ya riƙa yin abin da likita ya ce, gwargwadon yadda ya dace. Ya ce, "Wa ka faɗin ya dace?" Na fara kame-kame. Ya ce, "To kai na." Na ce to a cire wannan, ya yi duk abin da likita ya ce. Na ji kaina na ƙara da cewa sai dai in abin ya saɓa wa hankali. Ya ce mun dawo inda muke.

Haka na shekara ɗaya da wata bakwai, ko takwas. Kowace safiya kafin a buga ƙarfen lakwal sai in bi ta garke, in gaida Kawu, ya gaishe ni, mu ɗan durƙusa wa juna, in ce ya buɗe wa likita da ma'aikatansa yau, ya rufe in sun fita. Umarnin kwana ɗaya nake bayarwa, domin na gobe ban san abin da goben za ta zo da shi ba. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni, likita da kansa ya zo ƙofar gidanmu a mota, aka fito da ni a lulluɓe aka kai ni na faɗa aka dawo da ni. Kawu ya kama ɗaki nasa a bayan kasuwa, ya sayi tunkiya, yana aiko wa Inna da nama ranar kasuwa. Dogarin mai gari ya zo sau ɗaya ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya koma.

Sai takardar canjin wurin aiki ta zo, an mayar da ni Damana. Ba yadda za a yi in riƙa zuwa kowace safiya. Komi ya ce in ƙofa ta kwana biyu ba ta buɗu ba, dole su nemi wani. Na sa rana da dillali don a yi sallamar, na yi ta maimaita kalma biyun a ɗaki har na iya su. Ranar ta zo, aka ce likita ya fita rangadi. Aka sake sa wata, ya wuce Yamai. Har ranar tafiyata bai dawo ba.

A tasha aka yi ta. Kayana na saman babbar mota, direba na ta matsa oda, Kawu na tsaye yana jiran abin da zan ce, dillali na faɗin ba a tafiya da igiyar mutane. Ƙafata ɗaya na kan taya, gwangwanin na hannuna, motar ta fara motsi. Ban san wa nake miƙa wa ba. Na dai miƙa shi ƙasa na ce da ƙarfi, "Na sallama!" Ban ƙara komai ba, ina jin don ba lokaci.

Inna na tsaye a wurin, ta miƙo hannu za ta ba ni ƙullin ƙuli-ƙuli. Gwangwanin ya faɗa hannunta. Ta dube shi ta ce, "To, na karɓa."

Dillali ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ciniki ya faɗa! Ku shaida!"

Ina daga saman mota na ga Kawu ya juya wajen ƙanwarsa, wadda ya goya tana jaririya, ya fara lanƙwasa gwiwa. Ta ce, "Kak ka soma. Tahi ka yi aikinka yadda aka yin aiki, ka bar damun mutane." Ya miƙe, ya buɗe laimarsa, ya nufi garke. Umarnin nan guda ya riƙe har ya tsufa a bakin ƙofar, likitoci uku suka zo suka wuce. An ce kowannensu in ya sauka sai komi ya kai shi ya gaida Inna, ko da yake wannan ban gani da idona ba.

Akwai inda nake shakka. Wata 'yar'uwata ta ce ba ƙuli-ƙuli ba ne, dambu ne, kuma Inna ba ta ce na karɓa ba sai da dillali ya matsa mata. Wani kuma ya ce ba Tondikandiya Kawu ya nufa ba ran nan. Cikin waɗanda suka tsaya a bakin garke ko a tasha ƙila akwai mai sauran rai, ko wanda ya ji daga bakinsu. In ya ga na kauce, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun masu buga wannan, zan karɓa da godiya, in sa a inda ya dace.